Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin IUCN Kan Ƙadangaren Komodo da Farin Kifin Shak

Zuwa ga shugabanni da wakilan ƙasashe na Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, a garin Gland na ƙasar Suwizalan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri,

Ranar 4 ga Satumba 2021, a babban taronku na birnin Marseille a Faransa, kun fitar da sanarwa guda wadda ta zo da labarai biyu marasa daɗin ji. Kun ɗaga ƙadangaren Komodo daga matakin halittu masu rauni zuwa matakin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. A cikin takardar dai kuka ce kashi 37 cikin 100 na nau'o'in kifin shak da danginsu sun shiga barazana. Tun daga ranar nake juya waɗannan mafarauta biyu a raina, ƙadangaren da kuma babban farin shak, kuma abin da na hango ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk inda aka haɗa sunayensu, tambayar da mutane ke fara yi ita ce, in sun kara wa zai yi nasara? Wani yaro ya taɓa tsare ni da ita, na ce masa ba za su taɓa haɗuwa ba, kifi a ruwa sarki ne, ƙadangare kuma a kwarinsa ba shi da na biyu. Amma akwai wata karawar da suke yi ba tare da sun sani ba, ita ce ta neman kulawarku da kuɗin masu ba da tallafi da lokacin ministoci. A wannan kam ƙadangaren yana gaba, kuma ina ganin dalilin bai wuce cewa shi ana ganinsa, ana ƙirga shi, an san inda yake kwana ba.

Ƙadangaren Komodo ɗan uwan damo da guza ne, sai dai shi yakan kai mita 3, nauyinsa kuma kilo 70 ko fiye. Ba a samunsa a daji ko'ina a duniya sai a ƴan tsibiran gabashin Indonesiya: Komodo, Rinca, Gili Motang, Gili Dasami da wasu sassan gaɓar Flores. Masana ba su rubuta shi a littafi ba sai a 1912, lokacin da Peter Ouwens na gidan adana dabbobi na Bogor ya bayyana shi, duk da cewa mutanen tsibirin sun daɗe suna kiransa ora. Kwanton ɓauna yake yi wa barewa da aladen daji, har da ɓaunar kanta, ya yage da haƙora masu kama da zarto. An daɗe ana cewa ƙwayoyin cutar bakinsa ne ke ƙarasa abin da ya ciza, sai a 2009 Bryan Fry da abokan aikinsa suka nuna yana da dafi a muƙamuƙinsa na ƙasa, mai hana jini daskarewa. A zama ɗaya yana iya cin abin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin jikinsa. Da duk wannan ƙarfi, ɗan gida ne na gaske. Masu bin diddiginsa sun gano yawancinsu a kwarin da aka ƙyanƙyashe su suke rayuwa har su mutu, kuma ko da yake ya iya iyo, da wuya ya tsallaka zuwa wani tsibiri.

Shi kuwa farin shak ba shi da gari. Babbar macensa takan kai mita 6, nauyinta ya doshi tan 2. Jikinsa yana riƙe ɗumi fiye da ruwan da yake ciki, abin da yawancin kifaye ba sa iyawa, shi ya sa yake farauta a ruwan sanyi da kuzari. A hancinsa akwai ƴan ramuka da ke jin lantarkin da jikin dabba mai rai ke fitarwa. A watan Nuwamba 2003 masu bincike suka maƙala wa wata mace na'ura a kusa da Gansbaai ta Afirka ta Kudu, suka sa mata suna Nicole. Cikin kwana 99 ta ratsa Tekun Indiya ta isa yammacin Ostireliya, tafiyar kilomita dubu 11, sannan aka sake ganinta a inda ta taso kafin wata tara ya cika. Na Kalifoniya su ma duk shekara sai sun bar gaɓa sun nufi wani fili a tsakiyar Tekun Fasifik, tsakanin Meziko da Hawayi, su yi watanni a can.

Ku duba abin da wannan bambanci ya haifar. Dabbar da ba ta barin kwarinta ana iya zana mata iyaka, a sa mata masu gadi. Indonesiya ta yi hakan a 1980 da ta kafa gandun Komodo, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Gwamnati ɗaya ce ke da alhakinsa, in abu ya lalace an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Nicole kuwa, daga ranar da ta wuce mil 200 daga gaɓar Afirka ta Kudu, dokar da ƙasar ta kafa a 1991, wadda ita ce ta farko a duniya da ta kare farin shak, ta daina binta. Mafi yawan tafiyarta a cikin ruwan da ba na kowace ƙasa ba ne, inda jiragen su ke shimfiɗa mamari mai tsawon kilomitoci da dubban ƙugiyoyi. Ba ita ake nema ba, kifin tuna da makamantansa ake nema, amma ƙugiya ba ta tambayar sunan wanda ya haɗiye ta.

Inda zuciyata ta fi tsinkewa shi ne maganar haihuwa, don a nan ne ake gane wanda zai iya farfaɗowa in an yi masa ɓarna. Macen Komodo takan saka ƙwai wajen 20, sau da yawa a cikin tudun da wani tsuntsu ya tara, su yi wata bakwai zuwa takwas kafin su ƙyanƙyashe. Ƴaƴan sukan haye bishiya su zauna can, don manyan ba sa ƙin cinye su. A shekara takwas ko tara sun isa haihuwa. Ana kiwonsu a gidajen namun daji na ƙasashe da yawa, suna kuma hayayyafa a can. A 2006 ma wata mai suna Flora a gidan namun daji na Chester a Ingila ta saka ƙwai masu rai ba tare da ta taɓa haɗuwa da namiji ba. Wannan ba mafita ba ce, tunda duk ƴaƴan da ake samu ta wannan hanya maza ne, amma dai yana nuna cewa in, Allah ya kiyaye, tsibiran suka gaza, akwai irin da aka ajiye a gefe.

Farin shak ba shi da irin da aka ajiye a ko'ina. Wadda ta fi daɗewa a hannun mutane wata ƙarama ce da aka riƙe a gidan kifaye na Monterey Bay daga 2004 zuwa 2005, kwana 198, aka mayar da ita teku bayan ta fara kashe abokan zamanta. Wani babba da aka kai Okinawa ta Japan a 2016 kwana uku ya yi ya mutu. Har yau ba wanda ya ɗauki hoton macen tana haihuwa. Binciken da aka yi a kan ƙashin bayan na arewa maso yammacin Tekun Atlantika ya nuna suna iya wuce shekara 70 a duniya, namiji ba ya balaga sai wajen shekara 26, mace kuwa sai wajen 33. Cikinta yakan kai shekara ko fiye, ta haifi ƴaƴa ƙalilan. Ku yi wannan lissafi tare da ni. Macen da ta faɗa raga tana da shekara 30 ta sha ruwan teku shekara talatin, ta tsallake duk abin da ke cin ƙananan kifaye, ta yi girman da za a kira ta dodo a jarida, amma ta mutu ba ta bar ko ɗa ɗaya ba. Kafin a sami madadinta sai an jira wasu shekaru talatin. Wa'adin minista nawa ke nan?

Yanzu ga ƙorafina a kan Jan Kundinku, wato jerin halittu da matakin haɗarin da kowace ke ciki, wanda kuke tattarawa tun 1964, kuma ina girmama aikin da ke cikinsa. Ƙadangaren Komodo kun san adadinsa kusan ɗaya bayan ɗaya: ƙasa da 3,500 gaba ɗaya, manyan da suka isa haihuwa kuma ba su kai 1,400 ba. An samu wannan ne don masu gadi da masana suna iya taka ƙafa su ɗana tarko, su sa kyamara, su auna, su saki. Farin shak kuwa babu ƙididdigarsa ta duniya. Da hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, ta so sanin na gabashin ƙasar da New Zealand a 2018, sai da ta bi ta ƙwayoyin gado na ƙananan kifayen, tana neman waɗanda suka haɗa uwa ko uba, kafin ta ƙiyasta manya wajen 750. Manya ɗari bakwai da hamsin a wannan makeken ruwa. A naku nazarin kun ƙiyasta cewa ya ragu da kashi 30 zuwa 49 cikin 100 a tsawon zuriya uku, wato shekara 159, kuka bar shi a matakin masu rauni, inda yake tun 1996.

Ban ce kun yi kuskure a ƙa'ida ba. Matsalar tana wajen masu karanta kundin. Ɗan majalisa ko mai rabon tallafi ba ya buɗe bayanin da ke ƙasa, kalmar da ke sama kawai yake gani, ya ɗauke ta kamar lambar layi: wannan na gaggawa ne, wancan zai iya jira. Alhali ku da kanku kun rubuta cewa farin shak na Bahar Rum yana matakin ƙarshe kafin ƙarewa, wato a can ya ma fi ƙadangaren shiga haɗari. Kuma tunda na kowane yanki ba sa cuɗanya sosai da na wani yankin, in na Bahar Rum suka ƙare, na Kalifoniya ba za su zo su cike gurbinsu ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma abin da kuka riga kuka sani bai kamata ya kwanta a shafi na goma ba. Ina roƙonku ku riƙa fito da matsayin kowane yanki a sama, kusa da na duniya, da girman rubutu ɗaya.

Sai maganar dokokin da ake taƙama da su. A 2004 aka sa farin shak a rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar da ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, saboda cinikin haƙoransa da muƙamuƙinsa da fikafikansa. An yi abin kirki. Amma ciniki ba shi ne babban abin da ke kashe shi ba. Tun 1937 ake kafa raga a bakin tekun New South Wales ta Ostireliya don kare masu wanka, a Durban ta Afirka ta Kudu tun 1952, a Queensland ta Ostireliya tun 1962, kuma waɗannan raga da ƙugiyoyi masu koto suna kashe kifin da dokar ƙasashen ta ce kada a taɓa, tare da kunkuru da sauran bayin Allah da ba ruwansu. Hannun dama yana karewa, na hagu yana kashewa. A kan danginsa baki ɗaya kuma, binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna kifayen shak da danginsu na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun 1970. Wani na 2024 ya gano cewa duk da yawaitar dokokin hana yanke fikafikai a jefar da gangar jiki, adadin da ake kashewa a shekara ya tashi daga miliyan 76 zuwa miliyan 80 tsakanin 2012 da 2019. An hana zubar da naman, sai aka nema masa kasuwa. Wannan darasi ne mai ɗaci, kuma ina so in ji ku kuna faɗarsa da babbar murya: dokar da ba ta rage yawan gawa ba, ba ta yi aiki ba, komai kyawun rubutunta.

Mai tambaya zai ce, to in sun tafi me aka rasa? A tambayi mutanen False Bay kusa da Cape Town. Wurin ya shahara da farin shak mai tsalle daga ruwa yana cafke sil, wata dabbar teku mai shayarwa. Daga 2017, shekarar da gawarwakinsu suka fara fitowa gaɓar Gansbaai babu hanta, aikin wasu oka guda biyu, manyan mafarautan teku dangin dabbar dolfin, da ake kira Port da Starboard, sai suka yi ta janyewa har aka daina ganinsu a False Bay. Masana na jayayya a kan ko okar ce kaɗai ko da hannun masunta, amma abin da ya biyo baya an gan shi da ido: wasu nau'in shak da a da ba sa kusantar wurin suka mamaye shi, sil suka saki jiki, masu jiragen kai baƙi kallo suka rasa abin nunawa.

Kada a ce na manta da ƙadangaren, ko ina jin haushin gatan da ya samu. Gatan nan ma bai kai yadda ake zato ba. A cikin gandu adadinsa a tsaye yake, amma a Flores yawancin wuraren da yake zaune suna wajen kowace iyakar kariya, gonaki da ƙauyuka da gobarar daji suna ta matse shi. Tsibirin Padar, da ke cikin gandun, ya riga ya nuna yadda ake rasa shi ba tare da an harbe shi ba: mafarauta suka ƙarar da barewa, a shekarun 1970 ƙadangarun suka ɓace daga tsibirin. A 2019 ƴan sandan Gabashin Java sun kama gungun da ake zargi da safarar guda 41 zuwa waje, duk da cewa yana rukunin farko na CITES da ya haramta cinikinsa. A 2020 hoton wani ƙadangare tsaye a gaban babbar motar gini a Rinca ya zaga duniya, har UNESCO ta nemi a dakatar da aikin a sake duba illarsa. Sannan ga teku. Shi a ƙasa-ƙasa yake zama, kusa da gaɓa, kuma kun ƙiyasta cewa ɗumamar yanayi da hawan ruwa za su cinye aƙalla kashi 30 cikin 100 na wurin zamansa cikin shekara 45. Mai gadi yana iya korar ɗan farauta, amma ba ya korar igiyar ruwa. Abin da ya rage a hannunku shi ne ku matsa a faɗaɗa kariya zuwa Flores tun yanzu, a tsare barewarsa kamar yadda ake tsare shi.

Dole kuma in faɗi gaskiya game da tsoro, don wanda ya rasa ɗansa ba ya son a yi masa wa'azin kare halittu. Duka biyun suna kashe mutane. Bayanan gandun Komodo sun nuna hari 24 tsakanin 1974 da 2012, biyar daga ciki sun zo da ajali, har da yaro ɗan shekara takwas a 2007. Kifayen shak kuma, duk nau'o'insu a haɗe, sukan kashe mutane ƙalilan a shekara a faɗin duniya, galibi ba su kai goma ba. Kaɗan ne a lissafi, amma kowane ɗaya gida ne da aka yi makoki. Ga wanda ke zaune da su, ƙadangaren bakin tulu ne, a kar shi a kar tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne waɗanda suka fi kusa da haɗarin su ne suka fi iya zama da shi. Mutanen Ata Modo na tsibirin Komodo suna da labarin kakanni cewa mace ɗaya ce ta haifi tagwaye, ɗaya mutum ɗaya ora, don haka ɗan uwa suke ɗaukarsa, kuma gidajensu a kan dogayen itatuwa suke. Duk da haka a 2019 aka yi shirin rufe tsibirin tare da maganar tayar da su, sai da suka yi tsayin daka aka janye. A Cape Town kuma tun 2004 akwai masu zama a kan tudu suna duban ruwa, in sun hango shak su ɗaga tuta su busa jiniya, masu wanka su fito, kifin ya wuce abinsa. Ba sai an zubar da jinin kifin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku sa irin waɗannan mutane a teburin shawara tun farko, tare da ƙananan masunta, waɗanda su ne za a ce su sauya raga ko su bar wani wuri, kuma su ne ba su da abin da za su jingina da shi in an ce su bari.

Na san ba ku ke kafa doka ba, ba ku da jirgin sintiri ko ɗaya. Amma gwamnatoci mambobinku ne, kuma kalmarku suke ɗauka su kai majalisa. Yanzu ga wata ƙofa da ba a taɓa samu ba. Yarjejeniyar kare halittun tekun da ba na kowace ƙasa ba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Yuni 2023, ta samu tabbatarwar ƙasashe 60 da ake buƙata a Satumba 2025, ta fara aiki a Janairu 2026. Karo na farko ke nan da aka samu hanya ta duniya baki ɗaya ta keɓe wuri a tsakiyar teku, wanda shi ne kusan kashi biyu bisa uku na tekun duniya, a ce nan ba a shimfiɗa mamari. Ƙwararrunku na kifin shak sun riga sun fara zana taswirar muhimman wurarensu tun 2022. Ina roƙon kada taswirar nan ta tsaya a kwamfuta. Ku ɗauki filin nan na tsakanin Meziko da Hawayi, inda an san watannin da suke taruwa, ku nemo ƙasashen da za su gabatar da shi cikin wuraren farko da za a keɓe. Ku nemi hukumomin kamun tuna su sa masu sa ido ko kyamara a jiragen mamari, a riƙa rubuta kowane farin shak da ya hau ƙugiya, da girmansa, da inda aka kama shi, da ko an sake shi da rai. Ku kuma tambayi Ostireliya da Afirka ta Kudu, a bainar jama'a, shekarar da za su cire ragar ƙarshe daga bakin tekunsu.

Ina jiran ganin waɗannan a cikin ƙudurorin babban taronku na gaba. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai bibiyar aikinku